Marsandi ta durƙusa a Hamburg

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Hamburg. Ku yi haƙuri da muryata, sanyi ne ya sa ni gaba tun asuba. Bari in juya kyamara ku ga abin da na tarar. Kun gan ta? Ta durƙusa ta gaba kamar raƙumin da za a labta wa kaya. Dubi nan ta hagu, yatsu biyu ba sa shiga tsakanin taya da jikin mota. Jiya da daddare lafiya lau na ajiye ta.

Ga waɗanda yau suka fara kallonmu, wannan Marsandi ce E500 ƙirar 2005, samfurin da ake kira W211, wanda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009. Na same ta da arha, kuma duk wanda ya sayi tsohuwar motar manya da arha ya san akwai ranar biyan ciko. Tawa ranar ce ta zo.

Wannan motar ba ta da sifirin na ƙarfe. A kan iska take tafiya, tsarin da suke kira Airmatic. A gaba, shok da jakar iska a haɗe suke wuri guda. Akwai kwamfuresa a bayan bamba ta gefen hagu, ita ke hura jakunkunan. Roba kuwa idan ta sha shekara ashirin tana naɗewa tana miƙewa, ga gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, dole ta tsage.

Kafin in taɓa aljihu sai da na tabbatar da inda ciwon yake. Ga robar fesawa, ruwa ne da sabulun wanke kwanuka. Na tayar da mota ta ɗago, na juya sitiyari, na fesa a kan bututun iska da ke saman shok, shiru. Na fesa a naɗin jakar. Ku matso. Kun ga kumfar nan tana tasowa ƙanana-ƙanana? To nan ne. Jikin shok ɗin kuma a bushe yake, babu mai da ke tsatsowa, kuma wannan ne zai yanke min shawarar abin da zan saya. Wani abu kuma, kar ka ce za ka lallaɓa da ita haka har ƙarshen wata. Kwamfuresa za ta yi ta aiki ba hutu don cike abin da ke zurarewa, har ta ƙone, ka tashi da asara biyu.

Na fara zuwa babban gareji. Mutumin ya buga lambar shasi, ya juyo min da fuskar kwamfuta. Guda ɗaya ya haura euro 1,000, ban da kuɗin aiki, kuma shok bibbiyu ake canzawa, hagu da dama. Na yi masa godiya na fito ina salati.

A intanet kuma sai ga wasu a farashin da zai sa ka yi murmushi, biyu ba su kai kuɗin tayoyi ba, babu ko sunan kamfani a kwalin. Wallahi na kusa dannawa. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ke loda kaya a titin Billstraße nan Hamburg, wanda ya fi ni daɗewa a ƙasar nan da shekaru masu yawa, shi ya tare ni. Ya ce, “Ƙanena, ka duba wayar da ke jikin shok ɗin, ina ta nufa?” Na ce, “Alhaji, ai waya waya ce.” Ya yi dariya. Ashe a na asali wayar nan bawul take sarrafawa, wanda ke sa shok ya yi tauri ko laushi yayin da kake tafiya. A wasu masu arhar babu bawul ɗin sam, ɗan ƙaramin abu kawai aka saka don ya yaudari kwamfutar mota kar ta kunna wutar gargaɗi. Za ka yi ta danna maɓallin Sport, mota ba ta san kana yi ba.

Saura hanya uku. Ta farko, sabo daga Bilstein, kamfanin da ke Ennepetal nan Jamus, wanda yana cikin masu yi wa Marsandi shok tun daga masana'anta. Kuɗinsa bai kai na babban gareji ba, amma yana cizo. Da na san zan riƙe motar nan shekara goma, shi zan saya in huta. Ta biyu, a cire iskar gaba ɗaya a saka sifirin na ƙarfe. Da Kano zan tura ta, da ban tsaya tunani ba, domin kowane bakanike ya san sifirin, kuma a Ƙofar Ruwa ba za ka rasa shi ba. Amma a nan duk canjin da ka yi wa ƙafar mota sai da takardar amincewa, in babu, ranar duba lafiyar mota ta TÜV da ake yi duk shekara biyu za ka sha bayani.

Ta uku na ɗauka: na asali da aka sabunta. Ana karɓar tsohon shok, a saka masa sabuwar jaka da sabbin robobi, bawul ɗinsa yana nan yana aiki. Aibinsa ɗaya, cikin shok ɗin ya riga ya ci kilomita a jikin motar wani, shi ya sa ban yarda ba sai da na ga garanti a rubuce. Akwai kuma kuɗin jingina, Pfand, irin na kwalba, sai ka aika musu da naka tsohon su mayar maka. Don haka kwalin nan ba na shara ba ne. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 na tura musu, don na 4Matic, wato mai ja da tayoyi huɗu, daban yake da na mai jan baya, kuma a hoto ba lallai ka gane ba.

Yanzu ga mu a garejin haya, inda ake biya da awa, shi ya sa kuka ga ba na yawan surutu. Mun ɗaure duka biyun, na kuma canza rile na kwamfuresa, ɗan makunnin da ke kunna ta yana kashe ta, tunda ɗan kuɗi ne. Bakaniken da ke taya ni ya hana a sauke ta ƙasa gaba ɗaya da jaka babu iska, ya ce robar za ta naɗe ba daidai ba ta lalace tun ranar farko. Sai da ya haɗa kwamfutarsa ya hura mata iska, sannan muka sauke a hankali.

Ku saurara, kun ji ƙugin nan? Kwamfuresa ce. Ku kalli taya. Tana tashi, tana tashi... ta tsaya. Yatsu ɗaya, biyu, uku, hagu da dama daidai. Alhamdu lillahi. Bari in manna salatif a nan in auna tsayin, gobe da asuba in sake aunawa a gabanku. In ba ta sauka ba, sai wajen alaimen da ƙarfe tara.