Kofi nawa Oklahoma City Thunder take da shi, ɗaya ko biyu?

[Hoto: daren 22 ga Yuni, 2025, 'yan wasa na ɗaga kofi]

Jama'a, a wannan daren aka fara gardamar. Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers da maki 103 da 91 a wasa na bakwai, ta ɗauke kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Gari bai waye ba sai ga masu cewa wannan ne kofinta na farko, ga kuma masu rantsuwa cewa na biyu ne, akwai na 1979. Can wani bawan Allah ya jefo tambaya: ƙungiyar da ba a taɓa jin sunanta ba sai 2008, ta ina ta ci kofi a 1979?

To, mu ɗan koma baya, amma da gudu.

[Tsohon bidiyo: riguna kore da ruwan ɗorawa]

Seattle ke nan, can arewa maso yammacin Amurka. A 1967 aka kafa SuperSonics. A 1978 suka kai wasan ƙarshe, Washington Bullets ta hana su. Shekara na zagayowa suka sake haɗuwa, suka rama da wasa 4 da 1. Koci Lenny Wilkens, ga Dennis Johnson, ga Gus Williams, ga Jack Sikma da gashin nan nasa. Kofin 1979 ke nan. A 1996 Gary Payton da Shawn Kemp suka sake kai su wasan ƙarshe, sai dai sun yi rashin sa'ar zuwa a zamanin Michael Jordan. Ku dai kalli wannan tsallen na Kemp, ba sai na ce komai ba.

[A bar bidiyon ya gudana]

A 2006 mai ƙungiyar, Howard Schultz na kamfanin Starbucks, ya nemi a gyara masa zauren KeyArena da kuɗin hukuma, bai samu ba. Sai ya sayar da ƙungiyar a kan dala miliyan 350 ga wasu attajiran Oklahoma ƙarƙashin Clay Bennett. Su kuwa mutanen Oklahoma sun riga sun ɗanɗana: bayan guguwar Katrina ta 2005, New Orleans Hornets ta yi kaka biyu tana wasa a garinsu, zaure na cika. Sabbin masu ƙungiyar suka ce za su yi bakin ƙoƙarinsu ta zauna a Seattle. Sai ɗaya daga cikinsu, Aubrey McClendon, ya yi suɓul da baka ya gaya wa wata jarida cewa ba don su bar ta a Seattle suka saye ta ba. NBA ta ci shi tarar dala dubu 250. Tarar faɗin gaskiya, in kun tambaye ni.

Nan ne nake so mu tsaya, don nan ake yin tuntuɓe.

Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa, a kanmu ƙungiya ta gari ce. Ba wanda zai kwana ya tashi ya ji an mayar da Kano Pillars wani gari. A NBA ba haka abin yake ba. Abin da attajiri yake saya gurbi ne a cikin gasar, ɗaya daga cikin 30. Gurbin nasa ne, da kwantiragin 'yan wasa, da ma'aikata, da duk tarihin wasannin da aka buga da shi. In sauran masu ƙungiyoyi sun yarda, sai ya ɗauki abinsa ya yi gaba. A watan Afrilun 2008 suka kaɗa ƙuri'a, 28 suka amince, biyu suka ƙi: Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland. Ke nan ba rushe Sonics aka yi aka kafa sabuwa ba. Gurbin 1967 ɗin ne dai ya yi ƙaura.

[Hoto: Westbrook da hular Sonics a daren zaɓen sabbin 'yan wasa]

Ga shaida. Wannan Russell Westbrook ne a watan Yunin 2008, da hular Seattle a kansa. Su suka zaɓe shi, kuma ko wasa ɗaya bai buga a garin ba. A daren ne kuma suka zaɓi Serge Ibaka, ɗan Kongo Brazzaville. Kevin Durant ma kakarsa ta farko da rigar Sonics ya yi ta. Sam Presti, manajan ƙungiyar da ya haɗa zakarun 2025, a Seattle aka ɗauke shi aiki a 2007.

Amma akwai inda gizo ke saƙar. Hayar KeyArena ba za ta ƙare ba sai 2010, don haka hukumar birnin Seattle ta kai ƙara kotu. Ranar 2 ga Yuli, 2008, ana dab da yanke hukunci, sai aka sasanta. Bennett ya biya birnin dala miliyan 45, aka sake shi ya tafi. A cikin sulhun, sunan SuperSonics da launukanta ba su bi shi ba, an ajiye su don duk ƙungiyar da za ta zo Seattle nan gaba. Tarihin kuma aka ce na su biyun ne, Oklahoma da Seattle. Kamar ɗan kasuwa ne ya tashi da yaran shagonsa da littafin ciniki, ya bar allon suna a jikin tsohon shagon.

[Hoto: kofin 1979 a cikin gilashi]

Shi ya sa kofin 1979 ɗin kansa ba ya Oklahoma. Yana Seattle, a gidan adana kayan tarihi na MOHAI. A littafin NBA kuwa lissafin a haɗe yake, kofi biyu ne, 1979 da 2025. A wannan littafin ne ma Westbrook ya wuce Gary Payton a matsayin wanda ya fi kowa tara wa ƙungiyar maki, alhali Payton bai taɓa sa rigar Thunder ba, kuma ya sha faɗin cewa ba ya so a rataye rigarsa a Oklahoma don karrama shi. Ita ma Thunder ɗin ba ta rataye tutar 1979 a zaurenta ba. Ku kwatanta da Lakers: sun bar Minneapolis a 1960 da sunansu da komai, kuma kofuna biyar na can suna cikin 17 ɗin da suke tinƙaho da su. Ba wanda yake musu gardama, saboda sunan bai canja ba.

Ra'ayina? Mai cewa biyu bai yi ƙarya ba, takarda na bayansa. Amma ni ba zan iya kallon idon ɗan Seattle in ce masa kofin da iyayensa suka yi wa biki a titi na Oklahoma ne ba.

Sauran labarin kun san shi, hotuna ma sun ishe ku.

[Hotuna a jere, da sauri]

Durant, Westbrook da James Harden, wasan ƙarshe na 2012, Miami Heat ta cinye. Harden ya tafi Houston. Durant ya tafi Golden State a 2016, har yau akwai masu jin haushi. A 2019 aka ba Clippers Paul George, aka karɓo wani siririn yaro ɗan Kanada, Shai Gilgeous-Alexander, da damar zaɓen sabbin 'yan wasa har biyar a zagayen farko. Da ɗaya daga ciki aka ɗauko Jalen Williams a 2022. Shekara shida bayan cinikin, wasa 68 suka ci a cikin 82, Shai ya zama gwarzon kaka, ya zama gwarzon wasan ƙarshe.

[Hoto: Climate Pledge Arena daga sama]

Wannan kuma KeyArena ɗin nan ce da aka ce ta tsufa. An sake gina cikinta da kuɗin 'yan kasuwa, aka buɗe a 2021 da sabon suna. Duk lokacin da aka taso da maganar ƙara ƙungiyoyi a NBA, Seattle da Las Vegas ake fara ambata. In Sonics ta dawo, akwai misalin da za a duba. A 2014, da Charlotte ta karɓo sunan Hornets, NBA ta cire tarihin 1988 zuwa 2002, lokacin da Hornets take Charlotte kafin ta koma New Orleans, daga lissafin New Orleans ta mayar wa Charlotte. In aka bi wannan hanyar, 1979 za ta fita daga littafin Thunder, Payton ya koma saman jerin masu maki na Sonics, lissafin Thunder kuma ya fara daga 2008.