Hoton da ke nuna inda numfashi ke tsayawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Sheffield, ƙasar Ingila. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin titi nake. Ba a shiga da waya kusa da MRI, na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, saboda ƙarfin maganaɗisunta, don haka da baki zan ba ku labarin.

Na ba da kaina ne aka gwada wani hoton huhu da ake yi a na'urar MRI da wata iska da ake shaƙa, mai suna zinon. Hoton ƙirji da muka saba, har da na CT mai ɗaukar cikin jiki yanki-yanki, siffar huhu yake nunawa. Wannan kuwa, iskar kanta ake gani tana shiga.

Ana sarrafa wani nau'in iskar, zinon-129, da hasken leza har na'urar ta iya ganinta, a ɗura a jakar leda kamar lita ɗaya. Aka ɗaura mini wata riga mai wayoyi a ƙirji, na kwanta. Ma'aikaciyar ta ce in fitar da numfashi, in zuƙe jakar duka, in riƙe. Sakan goma da 'yan kai, shi ke nan. Leɓɓana suka ɗan yi zum, muryata ta yi kauri don iskar tana da nauyi, nan da nan kuma komai ya wuce.

A allo, duk inda iska ta kai sai ya yi haske, inda ta kasa shiga ya zauna baƙi. Abin bai tsaya nan ba. Zinon tana ratsa bangon huhu ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta hanyar da oksijin ke bi, sai likita ya ga ko iskar tana isa jini ko a ƙofa take tsayawa. A 2021 masu bincike na Oxford da Sheffield suka duba waɗanda suka tashi daga korona amma haki bai sake su ba. CT ya nuna huhun kamar lafiya lau, zinon ta nuna iskar ba ta wucewa jini yadda ya kamata.

Wallahi iyayenmu mata na tuna, masu yini a hayaƙin itace. Uwa tana haki, hoto ya fito fes, a ce mata ba komai. Wannan na'ura asibitoci kaɗan ke da ita a duniya, amma akwai gwajin busa bututu, wato sifirometiri, mai auna yawan iskar da mutum ke iya fitarwa da saurinta. In hakin Mama ya ƙi tafiya, don Allah ku tambayi likita a yi mata shi.