Latas ɗin kan waakye

Rabi: Assalamu alaikum masu saurare, daga unguwar Aboabo a Kumasi muke. Yaya Fuseini tun da ya shigo ya kasa zama, to bismilla.

Fuseini: Ai dole. Saƙon muryar nan sau huɗu yana shigo mini a WhatsApp, har gwaggona ta turo daga Asawase. Wai a daina cin latas, akwai arsenik a ciki, wani sinadari mai guba.

Sadik: Ni dai waakye, shinkafa da waken nan namu, babu latas, tsirara yake.

Rabi: Tsirara? Kai da ake zuba maka taliya, gari, shito, ganda da ƙwai, sannan ka ce a ƙaro ganye na sidi biyu?

Sadik: Anti Rabi, ganyen ne ke nema wa sauran gafara.

Rabi: Ranar nan fa mai waakye ta ce masa latas ya ƙare, ya tsaya kamar an yi masa rasuwa.

Sadik: Na karɓi gaisuwa har kwana uku.

Fuseini: Ku bar ni in yi magana mana! Abu biyu aka cakuɗa. 'Yan lambun wajen Gyinyase da ruwan rafukan cikin gari suke ban ruwa, kuma kowa ya san abin da kwatocin Kumasi ke zubarwa a ciki. Ka je da asuba ka ga mutum da gwangwanin ban ruwa biyu, yana ɗiba yana yayyafawa a kan ganyen kai tsaye. Babban haɗarin wannan ƙwayoyin cuta ne, gudawa, taifot, ƙwan tsutsar ciki. Wanki da binega yana rage su sosai.

Rabi: To arsenik ɗin fa?

Fuseini: Shi ba ƙwayar cuta ba ce da za ki kashe. A cikin dutse yake. Dutsen zinariyar Obuasi tare da arsenik Allah Ya halicce shi, in aka fasa aka niƙa sai ya samu hanyar shiga ruwa. Ga galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ku dubi kogunan Offin da Oda yadda suka koma kalar koko. In aka shayar da gona da ruwan da ke ɗauke da shi, saiwa ce ke tsotsa, ya zauna cikin ganyen. Ki wanke sau goma, yana nan. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano.

Sadik: A tafasa ruwan mana.

Fuseini: Ka ƙara ɓata lamarin. Ruwa ya tafi a tururi, shi ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya mikrogiram 10 kacal ta amince da shi a litar ruwan sha, shi kuwa mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Kuma ba yau ka ci gobe ka kwanta ba, shekaru yake ɗauka. Sai ɗigo-ɗigo baƙi a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kaushi, daga baya kansar fata, ta mafitsara ko ta huhu. A Bangaladesh an haƙa rijiyoyin burtsatse tun shekarun 1970 don a tsira daga kwalara, ashe ruwan ƙasan da arsenik, miliyoyin mutane suka sha.

Rabi: Innalillahi.

Fuseini: Kuma ni shinkafa ta fi latas damuna. Cikin ruwa kwance take girma, ta fi sauran hatsi jan sa. In aka dafa ta da ruwa mai yawa aka tsiyaye, yana raguwa.

Sadik: A tsiyaye waakye? Jan karan dafin ya bi kwata? Yaya, ka je ka faɗa wa Hajiya mai waakye da bakinka, ni ina bayanka. Nesa.

Rabi: Ni fa shawara uku na rubuto, ga shi an fara kiran magariba. Ta farko, ku tambayi inda ganyenku ya fito, ta biyu...

Fuseini: Wa zai faɗa miki gaskiya a kasuwar Kejetia?

Rabi: To sauran sai mako mai zuwa. Sadik, kashe abin nan.