Me Ke Kai Mutanen Accra Lambun Aburi?

Ku dubi wannan layi a tashar motar Madina. Uwa da kular shinkafa a kai, yara uku sun sha kwalliya, matasa da ƙwallo a hammata. Duk trotro ɗaya suke jira, wadda za ta haura da su tudun Akuapem zuwa Aburi, kilomita 30 da 'yan kai arewa da Accra. Lambun itatuwa za su. To, me mutumin da ya tashi cikin ƙasa mai dazuzzuka zai je nema a wurin da aka tara itatuwa har ya biya kuɗin shiga?

Amsar farko jikinka ne zai ba ka ita tun kana mota. Da kun wuce Ayi Mensah hanya ta fara hawa tana lanƙwasa, sai ka ji iskar da ke shigowa ta taga ta sauya. Aburi na bisa tudu mai tsayin kusan mita 400, kuma wanda ya kwana yana fifita a ɗaki ɗaya a Nima ko Mamobi ya san darajar wannan sanyi. Turawan mulkin mallaka ma abin da ya fara kai su ke nan. A 1875 suka gina gidan jinya a wurin, domin jami'ansu da zazzaɓin bakin teku ya kayar su je su murmure. Sai a watan Maris na 1890 aka buɗe lambun, aka ɗauko William Crowther daga lambun Kew na Ingila ya zama mai kula da shi na farko.

Lambun aiki ne a lokacin. Nan ake gwada shuke-shuken da za su kawo kuɗi, ana raba wa manoma dashe, musamman koko, wanda Tetteh Quarshie ya riga ya shigo da irinsa daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong, nan kusa, a 1879. Jikokin waɗancan manoma ne yau ke shimfiɗa tabarma a ciyawar.

Kuma tabarmar nan ita ce magana. Lambun ya kai kusan hekta 65, a Accra kuwa ina za ka samu filin da yaro zai sheƙa a guje ba ka riƙe numfashi saboda mota ba? Shi ya sa ranar Litinin ɗin Ista, ko 6 ga Maris ranar 'yancin kai, ba masaka tsinke. 'Yan coci da ganguna, ƙungiyoyin unguwa da riguna iri ɗaya, ɗalibai da malaminsu yana ta ƙirga kawuna. Ɗan ƙasa yana biyan kuɗin shiga ƙasa da na baƙo, don haka magidanci zai iya kwaso gidansa kaf.

Sai hoto. Daga ƙofa za ka tarar da dogayen itatuwa masu kama da giginya sun jeru sahu biyu, hanya ta ratsa tsakani. Ango da amarya nan suke tsayawa. Can ciki akwai wani tsohon jirgi mai saukar ungulu da ya daɗe da mutuwa. A wurin yara, ya fi duk tsirran lambun daraja. Akwai kuma busasshen itacen da masassaƙi ya cika da siffofin mutane suna hawa kan juna.

Allunan da ke ɗauke da sunayen Latin fa? Gaskiya kaɗan ne ke tsayawa su karanta, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Ilimin ta hanci yake shiga. Mai zagayawa da baƙi zai murza ganye ya miƙo, ya ce a shinshina. Sai ka ga Hajiya ta zaro ido: “Kai! Ashe kirfa itace ce?” Shekara da shekaru tana sayen ɓawonta a ƙulle a kasuwa, ba ta taɓa ganin uwar ba. Haka gyaɗar ƙamshi. Wannan mamakin shi ne abin da Bature ɗan yawon buɗe ido ba zai samu ba, domin shi baƙon abu ya zo gani, ita kuwa tsohuwar ƙawarta ta haɗu da ita a gidansu.

Ga kuma rimin nan, wanda ake cewa shi ya rage daga dajin da ya rufe tudun kafin a sare. Saiwoyinsa sun tashi kamar katanga, mutum ya tsaya a lungunsu ya ɓace. Bazazzagi ya gan shi ba ya bukatar allo. Sarauniyar Ingila Elizabeth ma ta dasa nata itacen a 1961, amma rimin ya fi tara jama'a.

Abu ɗaya ke ɓata rai a ranakun biki: lasifika ta ko'ina, da ledoji a ciyawa bayan an watse. In shiru kake so, ka je ranar Talata da hantsi, ka ji kukan tsuntsaye. In kuwa taron ne ya kawo ka, ka tsaya har la'asar sakaliya, ka sayi abarba a bakin hanya, ka nemi kujerar taga. Motar na gangarowa ta Peduase za ka hango Accra shimfiɗe a ƙasa, fitilu sun fara kamawa, yara duk sun yi barci a cinya.