Suka Iri Biyu: Laccar Da Aka Gabatar A Taron Matasan Ikkilisiya A Katsina

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, in zafin Katsina ya bar mu.

Na farko, harshe. Yakubu sura 3 ya kwatanta shi da 'yar wuta mai cinye babban jeji. Karin Magana 18:21 ta ce mutuwa da rai suna hannunsa. Mu ma mun ce magana zarar bunu ce. Wannan kun sha ji, mu wuce.

Inda nake so mu zauna shi ne kan Dawuda. Ku buɗe 1 Sama'ila 17. Yesse ya aiki autansa bakin daga da soyayyen hatsi da gurasa goma ya kai wa yayyensa. Aike fa, ba yawo ba. Kwana 40 Goliyat, ƙaton jarumin Filistiyawa, yana cika baki, ba wanda ya motsa. Yaro ya yi tambaya kawai, sai babban wansa Eliyab ya hau shi da faɗa: me ya kawo ka, wa ka bar wa 'yan tumakin nan a jeji? Ku ji kalmar, "'yan tumakin nan". Da gyara yake nufi, me ya kawo ƙanƙanta tumakin? So yake yaron ya ji shi ba kowa ba ne. Kuma Eliyab ɗin nan, a sura 16, a gabansa aka tsallake shi aka zuba wa ƙanensa Dawuda man naɗin sarauta. Ciwon yana nan. Dawuda ya ce, yanzu kuma me na yi? Ya juya wurin wani ya ci gaba da tambayarsa.

Ni ban iya juyawar nan da wuri ba. Ina aji huɗu wani malami ya ɗaga littafina sama, ya ce ku ga daƙiƙi. Har na yi aure, in aka miƙo mini Littafi Mai Tsarki in karanta a sujada, sai gumi ya karyo mini. Kalma ɗaya! Alhali Farawa 1:27 ta riga malamin magana: cikin siffar Allah aka yi ni.

Na biyu... ko na uku ne? Sakatare, kai ke rubutawa. To, annabi Natan. 2 Sama'ila 12. Dawudan nan dai, yanzu sarki ne, ya ɗauke matar Uriya ya sa an kashe shi. Natan ya zo da labarin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar talaka, sannan ya ce kai ne mutumin. Tumaki kuma, kun lura? Wannan karon Dawuda bai juya ba. Ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Na'am, Mama?

(Wata daga Zumuntar Mata ta ce surukarta kullum sai ta kushe tuwonta a gaban yara, Eliyab ce ko Natan?)

Kai, Mama, kin sa ni a tsaka mai wuya, tawa surukar tana layi na biyu! (Dariya.) Ki fara ɗanɗana tuwon tukuna, ko da gaskiyarta. In gudaji ne, a gyara tuƙi. Amma zancen gaban yara, Matiyu 18:15 ya ce tsakaninki da ita kaɗai. Ki same ta a ɗaki bayan an ci abinci, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Inna, koya mini yadda kike yi, amma a daina faɗa yara na ji. In ta ƙi, ki zo da maigidan, mu zauna ranar Laraba bayan addu'a.