Sharhi: Aikin da Ke Jiran Mu Bayan An Kuɓutar da Wanda Aka Yi Safararsa

Jama'a masu sauraro, idan aka ce an dawo da 'yan mata daga Libiya, ko an kuɓutar da masu aikatau daga wata ƙasar Larabawa, sai mu yi hamdala mu wuce. Alhali a ranar ce aiki yake farawa.

Lafiya ce ta farko. Wadda aka yi wa fyaɗe, maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. A yi gwajin ciki da na ciwon hanta, a duba tarin fuka ga duk wanda ya zauna a cunkoson gidajen tsare mutane irin na garin Sabha a Libiya. Kada a titsiye ta da tambayoyi. Mace ɗaya ta zauna da ita a keɓe, ta rubuta bayanin sau ɗaya. In labarinta na yau ya saɓa da na jiya, yawanci firgici ne ya hargitsa tunaninta, kada a kira ta maƙaryaciya. Kuma don Allah a ajiye waya. Hoto ɗaya a Facebook ya isa ya nuna wa dillali inda take.

A Najeriya, hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP da aka kafa a 2003 tana da gidajen ajiye waɗanda aka ceto, inda akan zauna kimanin mako shida. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta hana a hukunta su kan laifin da safarar ta jefa su ciki, kamar rashin takardun tafiya. Nijar ma ta buɗe irin wannan gida a Damagaram a 2019. To amma mako shida ba ya warkar da wahalar shekaru, kuma a bakin ƙofar fita ne ake yawan yin asara.

Kafin a mayar da ita gida, a bincika wa ya haɗa tafiyar. Sau da yawa ba baƙo ba ne. Wata Hajiya ce a unguwa, ko ɗan'uwa na jini. Mayar da ita hannunsu mayar da ita tarko ne. Sai batun bashi. Wanda dillali ya ɗora mata, na biza da kuɗin jirgi da ba ya ƙarewa, doka ba ta san da shi ba, a gaya mata haka ƙarara. Amma gonar da uba ya jinginar domin tafiyar, wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke jawo gori safe da yamma: “Kin dawo hannu rabbana.” Nan ake buƙatar mai unguwa da liman su zauna da masu bin bashin a tsara biya a hankali. In ba a yi ba, gorin nan shi zai sake tura ta hanyar Agadas.

Jari ma akwai inda ake kuskure. A koya wa yarinya ɗinki na 'yan makonni, a miƙa mata keke, a tafa. Ba shago, ba zare, ba masu kawo ɗinki, ga yunwa a gida. Dole keken ya tafi kasuwa. Abin da ya fi shi ne a tambaye ta sana'ar da ta iya, a duba ko tana tafiya a garinsu, a haɗa ta da mai shago na watanni, a ware kuɗin abinci daban. Jarin a ba da shi kashi biyu ko uku, a yi mata lambar NIN da asusun banki da sunanta, kada ya bi ta hannun kowa.

Kada a manta da samari da aka bautar a gonaki da wuraren gini. Kunya takan hana su magana, sai a ga rashin barci, saurin fushi, wani lokaci shan ƙwaya. Su ma a kai su wurin likitan ƙwaƙwalwa, a riƙa leƙa su a wata na farko, na uku, na shida, har shekara ta zagayo. Mai neman taimako a Najeriya yana iya kiran NAPTIP a lamba 627.