Matan da Suka Ƙi Ba da Labari a Jere

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga bakin kogin Seine nake muku magana, a tsakiyar birnin Paris, sai ku yi haƙuri da ƙarar motoci da iskar da ke shiga makirufo. Wannan gini mai ƙubba da kuke gani a bayana, nan ne mazaunin majalisar da ke kula da harshen Faransanci, wadda aka kafa tun 1635. Kujeru 40 gare ta, kuma sai a 1980 aka fara zaɓen mace ta hau ɗaya daga cikinsu. A 2005 aka zaɓi Assia Djebar, 'yar Aljeriya, ta zama ta farko daga ƙasashen Magarib, wato arewa maso yammacin Afirka, da ta shiga ciki. Saboda ita na fito yau, ita da wasu mata irinta da rubutunsu ya hana ni sakat.

Nakan ji masu karatu na ƙorafi a kan irin waɗannan littattafai. Wai ba kai ba gindi, kana cikin wannan zamani sai a jefa ka wani, ba ka san wa ke magana ba, babu tauraro, babu ƙarshen da za ka ce alhamdulillahi. Ni kuwa ina ganin ruwa ba ya tsami banza. Labarin da ke tafiya sumul daga farko zuwa ƙarshe, mai iko ne ya saba ba da shi, domin shi ke da magatakarda da rumbun ajiye takardu. Wadda aka kashe wa dangi, ba ta iya karatu ba, ba a taɓa tambayarta abin da ta gani ba, nata labarin gutsi-gutsi yake zuwa. Duk marubuciyar da ta goge shi ta daidaita shi don ya yi daɗin karatu, ta yi mata ƙarya.

An haifi Djebar a garin Cherchell a 1936, lokacin Faransa na mulkin Aljeriya. Mahaifinta malamin makaranta ne, shi ya kama hannunta ya kai ta ajin Faransanci, ta ci gaba da karatu har a shekarun da ake rufe sa'o'inta a gida. Ta zo nan ƙasar karatu, sai a 1956 ɗaliban Aljeriya suka shiga yajin aiki don mara wa yaƙin neman 'yanci baya, ita ma ta ƙi zana jarrabawa. A 1957 ta fitar da littafinta na farko, masu kishin ƙasa suka yi mata ca, wai ana zubar da jini tana rubuta labarin zuciyar budurwa. Daga baya ta koyar da tarihi a jami'a, ta yi shekaru sama da goma ba ta fitar da ƙagaggen labari ba. A wannan tsakani ta ɗauki kyamara da rikoda ta hau tsaunukan yankin mahaifiyarta, ta zauna da tsofaffin matan da suka ga yaƙi.

Abin da ya fito daga wannan zama shi ne littafinta na 1985, L'Amour, la fantasia. Zare uku ta tufka. Akwai rahotanni da wasiƙun hafsoshin Faransa tun daga kama birnin Aljiyas a 1830. Akwai muryoyin matan ƙauye da suka ciyar da mayaƙa, aka ƙona musu gidaje, aka azabtar da su a yaƙin 1954 zuwa 1962. Sannan ga ita kanta, yarinyar da ke rubutu da harshen waɗanda suka ci ƙasarta. Babi ɗaya wannan, na gaba wancan, ba ta ba ka damar hutawa a wuri guda.

Babin da nake so ku sani shi ne na kogunan dutse na Dahra. A watan Yunin 1845 mutanen ƙabilar Ouled Riah suka gudu cikin kogo da matansu da 'ya'yansu da dabbobinsu. Kanar Pélissier ya sa aka jibge itace a bakin kogon aka cinna wuta, aka yi ta ƙara mata itace dare guda. Ɗaruruwan mutane hayaƙi ya kashe. Da wuta ta lafa ya sa aka fito da gawawwakin aka ƙirga, ya zauna ya rubuta rahoto dalla-dalla, har maganar ta tayar da ƙura a majalisa a wannan birni da nake tsaye. Bayan wata biyu wani hafsa, Saint-Arnaud, ya toshe wa wata ƙabilar kogo da ransu, amma shi ya koyi darasi: bai bari an shiga an ƙirga ba, bai bari magana ta fita ba. To Djebar ta ce wani abu da ya daɗe yana min yawo a kai, cewa tana jin kamar ta gode wa Pélissier. Ba don ta yafe masa ba. Don shi ya rubuta, ya bar mata abin da za ta kama ta isa ga mamatanta. Ku dubi wannan matsayi: babbar shaidarka ita ce takardar wanda ya yi kisan. Ta yaya za ka ba da labarin nan a miƙe? Dole ta riƙa ɗauko jimlarsa, ta tsaya, ta juya ta, ta tambayi abin da bai faɗa ba. Pélissier kuwa, don ku sani, ƙarin girma ya yi ta samu har ya zama gwamnan Aljeriya baki ɗaya.

Bari mu taka gaba kaɗan. Waɗannan korayen akwatuna da ke jere a kan katangar kogi na masu sayar da tsofaffin littattafai ne, kun ga yadda suke naɗe kowanne da leda saboda danshi, su rubuta kuɗin da alƙalami a kai. Ina tafiya ina ba ku labarin wata wadda ta fi Djebar tsananta wa kanta.

M. NourbeSe Philip, haifaffiyar Tobago mazauniyar Kanada, lauya ce kafin ta koma rubutu. A 1781 ma'aikatan wani jirgin bayi mai suna Zong suka jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su asarar kaya. Maganar ta kai kotu a Landan a 1783, kuma ba shari'ar kisan kai aka yi ba, shari'ar wa zai biya ce. Bayanin hukuncin bai wuce shafi biyu ba. Philip ta ɗaure kanta da ƙa'ida cewa daga wannan takarda kaɗai za ta ciro kalmomin littafinta na 2008. Ta farfasa su, ta watsa a kan shafi, harafi nan harafi can, fari ya fi baƙi yawa. Idan ka gwada karantawa da murya sai numfashinka ya riƙa yankewa. A ƙasan shafukan farko ta jera sunayen Afirka, domin takardar kotu ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda aka jefa ba. Wannan littafi yana da wuya, ba zan ɓoye muku ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya yi sauƙi ba.

Svetlana Alexievich ta Belarus wata hanya ta bi. Ita kusan ɓacewa take yi daga littafinta, ta bar mutane su yi magana. Mata wajen miliyan ɗaya suka yi aikin soja a rundunar Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu, ta zauna da ɗaruruwansu. Ba labarin janar-janar suka ba ta ba. Sun ba ta labarin kitson da aka datse musu ranar ɗaukar soja, da takalman maza da suka yi musu yawa. Da ta rubuta a kan samarin da aka dawo da gawarsu daga Afganistan cikin akwatunan tutiya, kotu aka kai ta a Minsk. Ta sami kyautar Nobel a 2015, a 2020 kuma ta bar ƙasarta zuwa Jamus bayan ta shiga kwamitin 'yan adawa. An zarge ta da gyara maganganun mutane daga bugu zuwa bugu, kuma ina ɗaukar zargin da muhimmanci, domin wanda ya ari muryar wani amana ya ɗauka.

To mun iso gadar Saint-Michel. Bari in matso da kyamara ku ga wannan allo. Ranar 17 ga Oktoban 1961 dubban 'yan Aljeriya, maza da mata da yara, suka fito cikin lumana don ƙin dokar hana fita da dare da aka ƙaƙaba musu su kaɗai. 'Yan sanda ƙarƙashin Maurice Papon suka far musu, aka kama sama da 11,000, aka jefa wasu cikin ruwan nan. Hukuma ta ce 'yan ƙalilan ne suka mutu, masana tarihi suna maganar gommai, wasu har fiye da ɗari. Shekara 40 aka yi kafin a kafa allon tunawa a 2001.

Annie Ernaux, wadda ta ci Nobel a 2022, tana budurwa lokacin. A littafinta na 2008, Les Années, ta ba da tarihin rayuwarta ba tare da ta ce "ni" ba, sai "mu" da "ita", ta hanyar tsofaffin hotuna da tallace-tallace da hirar da ake yi a kan teburin cin abinci. Da ta zo kan wannan dare ba ta yi da'awar ta sani ko ta yi kuka ba. Cewa ta yi daga baya mutane sun kasa tantance abin da suka sani a lokacin. Ta sa kanta cikin waɗanda suka kau da kai. A wurina wannan ya fi dogon jawabin siyasa nauyi, kuma ba don ba ta fita titi ba ne: kwana goma bayan sanar da kyautarta tana sahun gaba a zanga-zangar tsadar rayuwa a nan Paris.

Duk waɗannan littattafai an fassara su ko an rubuta su da Ingilishi, masu Faransanci kuma ga asali. Wanda zai fara, ina ba shi shawara ya fara da Djebar, ya karanta babin kogo sau biyu kafin ya wuce, kada ya damu idan ya ɓata a hanya. Ruwan sama ya fara saukowa, zan nemi wurin fakewa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.